Yaron da jininshi bai karɓi salfa ba, a ba shi maganin rigakafin damina?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah ma'aikatan asibiti da ke cikinmu ku ba ni shawara kafin masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina su iso unguwarmu nan Daura. Yarona wata 10 gare shi. Yana wata 7 ya yi zawo da tari aka sayo mashi Septrin na ruwa a kemis. Wajen mako guda da fara sha sai zazzaɓi mai zafi, ido ya yi ja ya cika da kwantsa, leɓe ya farfashe har ya kasa kama nono, daga nan fatar ƙirji da baya ta yi bororo ta fara saluɓewa. Sai da aka ba mu gado. Allah ya tashi kafaɗarshi, amma likita ya ce kada ya ƙara shan magani mai salfa har abada. Yanzu kakarshi ta ce ai wanga na gwamnati ne, kowane yaro na sha, a ba shi. Babanshi kuma ya ce ba shi kaɗai ba, duk yaran gidan ba wanda zai sha. Ni kuma sauron Agusta nake tsoro. Ya zan yi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Maman Sadiq kar ki ba shi, ko ɓarin ƙwaya. Magani iri biyu ne a cikin ɗan kwalin nan. Akwai wanda ake sha sau ɗaya a ranar farko, shi ne dai Fansidar da kika sani, kuma salfa ne. Sai amodiyakwin da ake sha kwana 3 a jere. Salfar da ke cikin Septrin da wadda ke cikin Fansidar dangi ɗaya ne, jikin da ya ƙi ɗaya zai iya ƙin ɗayan, kuma karo na biyu yakan fi saurin zuwa ya fi tsanani. A ƙa'idar shirin ma a rubuce yake, yaron da ya taɓa samun matsala da ɗayan magungunan nan ba a ba shi. Ki gaya ma kakarshi da girmamawa cewa su masu maganin da kansu ne suka ce banda irin Sadiq.

Baban Walid: Ni ina bayan maigidanta. Maganin da zai iya saluɓe fatar jinjiri shi ne za a danƙa ma samari da 'yan mata su riƙa bi gida-gida da shi? Su likitoci ne? Gidana dai ba za a sha ba.

Hajiya Inna: Sannu 'yata, Allah ya ƙara mashi lafiya. Amma ni da na karanta sai na ga kamar ƙyanda ce ta fito mashi. Zazzaɓi, jan ido, baki ya lalace, fata ta yi saɓa. Haka muka san ta. Anya ba a ɗora ma magani laifin da ba nashi ba?

Likitan Yara: Hajiya barka da yamma. Tambayarki ta yi amfani, don wannan ruɗanin shi ke sa ana kawo mana yara a makare. A kwana biyun farko suna kama da juna ƙwarai, ko mu sai mun tsaya mun duba da kyau. Ita ƙyanda da mura da tari take farawa, ƙurajen su ɓullo ta bayan kunne da goshi su gangaro ƙasa, ƙanana ne, ba su ɗurar ruwa, kuma in za ta tafi saɓa take yi siririya. Abin da Maman Sadiq ta bayyana daban ne. Fata takan yi dabbare-dabbare ja mai duhu, yaro ya riƙa tsala ihu in an taɓa shi don zafi take mashi ba ƙaiƙayi ba, sai ta tashi bororo ta saluɓe irin na ƙunar ruwan zafi. Leɓe ya yi ɓawon jini, cikin baki ya zama gyambo, ido ya manne, wani lokaci har gaba da dubura. Sunanshi ciwon Stevens-Johnson, daga sunayen likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1922. In fatar da ta saluɓe ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jiki ba, shi ke da wannan suna. In ta haura kashi 30 an shiga mafi munin nau'inshi, wanda ke kashe wajen mutum 3 cikin 10 da ya kama.

Abin da ke ɓoye shi shi ne ba ranar da aka sha magani yake zuwa ba. Yakan ɗauki kwana 4 har zuwa mako 4. Sai ka ga an manta ma an ba yaro wani abu, ko kuma, wanda ya fi ciwo, ana ci gaba da ɗura mashi maganin da ke cutar da shi wai don zazzaɓin ya sauka.

Hajiya Inna: To a da in ƙyanda ce ba a kai yaro asibiti, ana cewa allura na mayar da ita ciki.

Likitan Yara: Hajiya don Allah a bar wannan. Ko ƙyandar ce asibiti ne wurinta, ana ba da bitamin A ana kula da huhu da ido. In kuma ɗayan ne, duk daren da aka ƙara a ɗaka fata ce ke ƙara tafiya. Abu na farko a tsayar da duk maganin da aka fara ba shi a 'yan makonnin nan, a kwashe kwalabe da kwalayen a tafi da su. Kar a shafa toka, ko man ja, ko shuni, ko hoda. A lulluɓe shi da zane mai tsabta, don yaron da fatarshi ta buɗe ruwa da ɗumi na fita daga jikinshi da sauri. Ku fara da Babban Asibitin Daura, in abin ya yi yawa za a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Kuma ku nemi likitan ido ya gan shi tun a kwanakin farko. Fata tana warkewa, amma tabon da ke zama a ido yakan bi yaro har girma.

Ummi mai rabon magani: Baban Walid, ina cikin waɗanda kake magana a kansu, kuma gaskiya ne mu ba likitoci ba ne. Amma ba haka kawai ake miƙa mana kwali ba. Kafin a ba yaro akwai tambayoyi: shekarunshi, don daga wata 3 ne zuwa wata 59, ko yana da zazzaɓi yau, in yana da shi asibiti za mu tura a yi gwaji, ko yana kan Septrin yanzu, ko ya sha Fansidar ko amodiyakwin cikin mako 4 da suka wuce, ko wani magani ya taɓa yi mashi illa. In an ce eh ga na ƙarshen nan, ba mu bayarwa.

Matsalar da muke samu ita ce amsar. Ka shiga gida uwa na daka ko tana wajen biki, sai a turo yaya 'yar shekara 8 da jinjiri a bayanta. Me za ta sani? Wata uwar kuma za ta ce "wani jan magani ya taɓa ɓata mashi jiki," ba suna ba kwali. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai abokan aiki masu sauri don su cika adadin gidajen ranar, su tsallake tambaya. Irin waɗannan ku tsayar da su ku ce sai sun saurare ku. Haƙƙinku ne.

Baban Walid: Kin ga ke da bakinki kin faɗa. To a kan me zan sa 'ya'yana cikin wannan kasadar?

Maman Ilham: Ni 'yata duk sanda ta sha sai ta yi amai ta kwana tana susa. Ita ma na daina ke nan?

Anti Nas: Maman Ilham naki daban ne, kar a haɗa su. Amodiyakwin yana da ɗaci, yana sa amai, kasala, ciwon ciki, wani lokaci ƙaiƙayi irin wanda manyanmu suka sani da kulorakwin. Ba daɗi, amma yana wucewa da kanshi. Ki ba ta bayan ta ci abinci ko ta sha nono. In ta amayar cikin minti 30 a ɗan jira a sake ba ta sau ɗaya. Abin da za ki sa ido a kai shi ne in ƙaiƙayin ya zo da ƙuraje, ko borin jini, ko kumburin fuska, ko jan ido da gyambon baki. Nan kam a tsaya, kar a ba da na gobe, a kai ta a gani.

Malam Mai Kemis: Salamu alaikum. Na ga an ambaci kemis, kuma na san kallon da ake mana. Bari in ƙara abin da zai amfani Maman Sadiq. Ki sani ba da sunan Fansidar kaɗai yake zuwa ba. Amalar, Maloxine, Laridox, duk abu ɗaya ne a ciki. Septrin ma akwai mai suna Bactrim, akwai wanda aka rubuta kotirimokzazol kawai. Duk wanda kika aika sayen magani ki ce ya faɗi cewa yaron ba ya shan salfa kafin a ɗauko komai. Mu ma iyaye kan zo su ce "ba ni na zawo" ba tare da yaron ba, ba tare da tarihin komai ba.

Likita, tambayata: in yaro ya sha magani nan take jikinshi ya tashi, mu abin da muka saba Piriton ne ko allurar haidirokotizon. Ya isa?

Likitan Yara: Malam na gode da jerin sunayen nan. In ƙara ɗaya da ake mantawa: man ƙuna Dermazin shi ma salfa ne. Yaron da salfa ta saluɓe ma fata kar a shafa mashi shi. Kuma ba salfa kaɗai ke jawo wannan ciwo ba, finobabiton da ake ba yara masu jijjiga yana cikin manyan masu jawo shi. Sau da yawa yaro ya yi zazzaɓin cizon sauro da jijjiga, an ba shi magani huɗu ko biyar a wurare daban-daban, sai a rasa wanne ne mai laifin. Shi ya sa nake naci a kan a riƙa ajiye kwali.

Tambayarka kuwa ta shafi wani nau'i ne na daban, mai zuwa cikin mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu. In borin jini ne kawai a fata, yaro na numfashi lafiya yana shan nono, Piriton zai rage ƙaiƙayi, a daina maganin a kai shi a duba. Amma in leɓe ko harshe ko fatar ido suka kumbura, murya ta dushe, numfashi na fita da ƙara, ko jinjiri ya yi laushi ya saki jiki ya yi fari fat, Piriton ba zai cece shi ba, haidirokotizon ma sai bayan awanni yake fara aiki. Maganin wannan guda ɗaya ne, allurar adirinalin a tsokar gefen cinya ta waje, ba jira. Ma'aikacin lafiya ke auna ta da nauyin yaro, miligiram 0.01 ga kowane kilo, in bai farfaɗo ba a maimaita bayan minti 5. Kar a ɗura mashi ruwa ko madara ko man ja a baki, zai iya shaƙewa. A hau babur a nufi asibiti mafi kusa. Ko ya warware bayan allurar sai an riƙe shi an sa ido, don abin kan dawo bayan wasu awanni.

Malam, roƙona gare ku shi ne ku bar yi ma jarirai allura a shago. Ba don ba ku iya riƙe sirinji ba, sai don in wannan ya faru a hannunka ba ka da abin tarar shi.

Malam Mai Kemis: Na ji, kuma zan kai maganar ga 'yan uwa masu sana'ar. Sai dai a sani, wani ƙauyen tsakanin Baure da Zango in dare ya yi mu kaɗai ne a buɗe.

Baban Walid: Likita ba ka amsa tawa ba.

Likitan Yara: Baban Walid ban manta ka ba. Tsoronka ba na banza ba ne, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ka zo ɗakin yara a watan Satumba ka ga abin da ke cika gadajen. Yara ne masu jijjiga, masu ƙarancin jini da ake neman wanda zai ba su leda ɗaya da tsakar dare, waɗanda zazzaɓin ya hau ma ƙwaƙwalwa. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da wajen kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa a Afirka ba su kai shekara 5 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan rigakafi a 2012 bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da wajen kashi 75 cikin 100 a lokacin damina. Jiharmu na cikin inda aka fara shi a ƙasar nan a 2013. Tun daga lokacin yara miliyoyi suka sha a faɗin Sahel, kuma irin abin da ya samu Sadiq ba kasafai ake ganinshi ba. Ina ganinshi jefi-jefi, shi kuwa zazzaɓi mai tsanani kullum ne in ruwa ya sauka.

Don haka Sadiq ba zai sha ba, har abada. Yayyenshi da ba su taɓa samun matsala ba, shawarata su sha, a gaya ma mai rabon abin da ya samu ƙaninsu, uwa kuma ta sa ido a kan fata da baki da ido a makonnin da ke biye. Hana su gaba ɗaya barin su ne a hannun abin da ya fi kusa da su.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai. To shi da ba zai sha ba, me zan yi mashi? In zazzaɓin ya kama shi fa?

Anti Nas: Gidan sauro mai magani kowane dare, tun magariba ba sai kin tashi kwanciya ba, don lokacin da kuke hira a tsakar gida shi yana kan tabarma ana cizonshi. In jikinshi ya yi zafi, ranar ki kai a yi gwajin jini, kar ki jira gobe kar ki fara da kemis. In gwaji ya nuna akwai, Coartem da ire-irenshi ba su da salfa, zai iya sha: sau 2 a rana kwana 3, ki ba shi nono a kai don maiƙo na taimaka ma maganin ya shiga jiki. In ya yi tsanani allurar atesunat ce a asibiti, ita ma ba salfa. Bai rasa magani ba ko kaɗan. Ki sa a rubuta da jan biro a bangon katin rigakafinshi cewa ba ya shan salfa, ki ɗauki hoton a wayarki da ta babanshi. Ke ma tunda kina shayarwa, in za a rubuta maki Septrin ko Fansidar ki faɗa, yana bi ta nono.

Baban Amira: Na ji a rediyo ana maganar allurar rigakafin maleriya. Ba ita ce mafita ga irinshi ba?

Likitan Yara: An fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, kuma ba ta da alaƙa da salfa. Maman Sadiq ta tambaya inda take kai shi rigakafi. Amma ko an yi ta ba ta ɗauke buƙatar gidan sauro.

Maman Ilham: Tunda ana kan magana, maganin tsutsar ciki fa? Ƙanwata ta ba ɗanta ɗan wata 8 wai cikinshi ya yi girma. Kuma yana da ƙazwa, an ce ta shafa farar wuta, ita kuma uwar yaron, Fansidar na yi mata borin jini.

Anti Nas: Ba a fara maganin tsutsa na gama-gari sai yaro ya cika shekara 1. Daga wata 12 zuwa 23 rabin ƙwayar albendazol ne, miligiram 200, a murƙushe a ruwa kar ya shaƙe. Daga shekara 2 cikakkiya, 400. Ɗan wata 8 mai babban ciki a kai shi a auna, sau da yawa abinci ne bai isa ba, ba tsutsa ba. Ƙazwa kuwa, man farar wuta da ake haɗawa a asibiti ba dangin Fansidar ba ne, ba shi ke tayar da wannan matsala ba, har jarirai ƙanana ana shafa masu. Amma na asibiti, ba wanda aka daka a gida aka kwaɓa da mai ba, wannan yana ƙona fata. Akwai kuma man fametirin daga wata 2. Ƙwayar ibamektin kada a ba yaron da bai kai kilo 15 ba. Kuma duk gidan ake yi ma magani rana ɗaya a wanke shimfiɗa, in ba haka ba dawowa take yi.

Likitan Yara: Abu ɗaya da ba a taɓo ba, kuma ana yawan kiranshi rashin karɓar magani alhali daban ne. Akwai yara, galibi maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna G6PD, kuma yana da yawa a ƙasarmu. Wasu magunguna kamar firimakwin da wasu masu salfa kan fasa masu ƙwayoyin jini. Ba ƙuraje ba kumburi. Sai dai fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya irin na shawara, tafin hannu ya yi fari, yaro na haki. Kafur da ake sa ma kayan jarirai a akwati yana yin haka, lalle ma a jikin jariri yana iya yi. Wannan ƙarin jini yake iya buƙata, ba Piriton ba, ba jiƙon shawara ba.

Ummi mai rabon magani: Kuma don Allah duk wanda ɗanshi ya samu matsala bayan shan magani, namu ko na wani wuri, a faɗa a asibitin unguwa. Akwai fom na NAFDAC da ake cikewa, akwai kuma manhajarsu ta waya mai suna Med Safety. In ba a kai rahoto ba, a takarda kamar bai faru ba.

Baban Walid: Na karanta duka. Zan bari manyan su sha, amma sai ina gida, ni zan amsa tambayoyin da bakina, ƙaramar kuma sai na kai ta an duba ta tukuna don ta taɓa yin ƙuraje bayan wani magani. Sai dai akwai abin da ya tsaya mani. Likita ya ce adirinalin ce kaɗai mafita in numfashi ya toshe. Ƙananan asibitocin mazaɓu suna da ita kuwa? In za a raba magani ga dubban yara cikin kwana 4, ya kamata a tabbatar tana nan kafin a fara.

Anti Nas: Ya kamata a same ta duk inda ake allurar rigakafin yara, tana cikin kayan gaggawa da aka wajabta, kuma ba ta da tsada. Kai da ke cikin kwamitin lafiya na mazaɓarku kana da ikon tambaya. Ka ce a nuna maka kwalbar, ka duba ranar lalacewarta, ka duba ruwan fari ne tas bai canza launi ba, akwai ƙaramin sirinji mai mililita 1 a kusa da ita, sannan ka tambayi wa ke riƙe makullin kabad ɗin in mai kula da asibitin ba ya nan.

Baban Walid: Zamanmu ranar Asabar ne. Zan sa shi farko a ajanda, kuma zan nemi a kira mai kula da asibitin ya zo da akwatin.